Wayar da Na Zare a Gidan Taubashina

Lokacin da abin nan ya soma, ina 'yar shekara goma sha uku a Gaya, ramammiya, mai taurin kai, kuma ni kaɗai ce mace a cikin maza biyar. Yayanmu ya dawo daga Kano da wata ƙaramar na'urar gem da ake jonawa da talabijin, irin mai kaset ɗin nan da sai an hura masa iska da baki kafin ya yarda ya kama. Wasa ɗaya ne a ciki: wani gajeren mutum yana gudu, yana tsallake ramuka, yana dira kan ƙwari, mataki bayan mataki har zuwa ga dodon ƙarshe. Rai uku gare ka, kuma na'urar ba ta ajiye inda ka tsaya. In aka ɗauke wuta, ko kana bakin ƙarshe, sai ka koma farko. Dokar gidanmu ita ce wanda ya mutu ya miƙa wa na gaba, ni kuwa kullum ni ce kurar baya. Sai da cirar gyaɗa ta zo, maza suka koma gona, na sami ɗakin ni kaɗai. Kafin a gama cira na haddace kowane rami.

A hutun makarantar da ya biyo baya ne ɗan kawuna na Ajingi, taubashina, ya zo mana. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci wuta ta zauna daram, layi ya zo kaina, na yi ta tafiya ban mutu ba har ɗakin ya yi tsit. Na kai ƙofar dodon ƙarshe, inda ko yayanmu bai taɓa zuwa ba. Sai taubashin nan ya miƙe, ya yi miƙa kamar mai jin barci, ya zare waya daga soket. Ya ce wai mace ba za ta riga shi ganin ƙarshen wasan ba. Na kai ƙara wurin Inna ina kuka kamar raina zai fita, ta ce wasan taubasai ne, ba a fushi da taubashi, ta ƙara da cewa in tafi in wanke kwanonin da na bari. Kowa ya yi dariya. Ba a yi wata biyu ba wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone na'urar, ban kuwa taɓa ganin fuskar dodon nan ba.

Za a ce abin yara ne, amma wallahi ban manta ba. Na yi aure, na zama malamar firamare, na haifi uku, amma ina tsaka da wanki sai in ji ina rera kiɗan wasan a hanci. 'Ya'yana suna nuna mini na wayarsu masu kyalkyali, ko kallo ba su ishe ni ba, don wasan da ba ka tsoron rasa komai a ciki ba wasa ba ne a wurina. Shi kuma gogan taubashin nawa, duk bikin da muka haɗu sai ya tambaye ni a gaban mutane ko na gama da dodona. Ina yi masa dariya, amma a raina ina ce masa zai gamu da ni.

Bara aka yi suna a gidansa, na hau mota na tafi Ajingi. Na riga na ji labarin ya samo irin tsohuwar na'urar a Kano, ya haɗa ta da sola. Na shiga falo in ajiye mayafina, sai ga talabijin a kunne, an tsayar da wasan cak a ƙofar dodon ƙarshe, saura rai ɗaya, kuma ba kowa a ɗakin. Na ɗauka shi ne ya kai nan, baƙi suka kira shi waje. Ban yi wata-wata ba na zare wayar. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗin da na ji da allon nan ya yi baƙi ban taɓa jin irinsa ba. Har amsar da zan ba shi na tanada, cewa ai wasan taubasai ne.

Ina juyowa na ga babbar 'yarsa tsaye a bakin ƙofa tana kallon allon. Shekarunta goma sha biyu, kuma tana fama da sikila, rabin zangon karatu a kwance take yin sa. Ba ta yi kuka ba, ta juya ta fita. Uwarta ce ta gaya mini sauran. Wasan nan shi ne abokin jinyarta. Wata huɗu tana fama da shi, sai safiyar ranar ta kai ƙofar dodon a karo na farko, ta tsayar, ta hana kowa taɓawa. Wai babanta ya sha gaya mata ba a taɓa yin gwani kamar Goggonta ta Gaya ba, shi ya sa take jira in iso ta ƙarasa a gabana. Da maganar ta bazu, matan gidan suka ɗauka da dariya, suna cewa taubasai ne, sun saba. Yarinyar tana zaune a gefe tana jin su.

Shi dai taubashin nawa har yau ban yafe masa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ya iya yabona a bayan idona, amma bakinsa bai taɓa buɗewa ya ba ni haƙuri ba, don al'ada ta ɗauke masa wannan nauyin. Sai dai abin da na koya shi ne, na shekara ashirin ina wasa wuƙa domin mutum ɗaya, da na tashi sara ban tsaya na duba wa ke gabana ba. Iyaye, in yaro ya kawo ƙara yana kuka, kada ku kore shi da sunan wasa, ku sa a ba shi haƙuri ko da kalma ɗaya ce. Masu riƙo irina kuma, ku sami mutumin ku gaya masa a fuskarsa tun da wuri. Sau biyu ina komawa Ajingi musamman don in roƙi yarinyar nan. Takan durƙusa ta gaishe ni, ta ce ba komai Goggo. Uwarta ta ce tun ranar sunan ba ta ƙara kunna na'urar ba, ko tana kwance.