Sista Hajara, wadda ta fitar da maijego kafin suna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina gona da safen nan aka bugo min waya, wai Sista Hajara ta rasu. Nas ɗin nan ta asibitinmu, maƙwabciyarmu a Bagwai. Zama na yi a kan kunyar gona.

Na san wasu na cewa ta cika faɗa, wai ba ta da tawakkali. To ku saurara.

Da matata Rabi ta haihu, zazzaɓi ya rufe ta kafin suna. Rannan sai hannu da ƙafa suka yi sanyi ƙalau. Gwaggona ta ce Alhamdulillahi, zazzaɓi ya sauka. Aka ci gaba da dakan suna.

Sista ta shigo barka. Ta riƙe hannun Rabi, ta yi mata magana, Rabi na amsa wani abu daban. Nan take ta ce min: "Wannan sanyin ba sauƙi ba ne. Cuta ta shiga jini, jinin na sauka. Nemo mota."

Gwaggo ta tare ƙofa, wai maijego ba ta fita kafin suna.

"Gwaggo, ki yi haƙuri," in ji Sista, "suna kike so ko zaman makoki?"

A asibiti ta sa wa Rabi ruwa hannu biyu, ta kira likita, aka yi ta allurai ta jijiya. Ta hana ni zubar da fitsarin Rabi sai ta gani. Da ya fara zuwa sosai, dariya ta yi kamar an ba ta kujerar Makka, ta ce alamar sauƙi ke nan. Kokon da ta zo da shi a fulas ni ta ba.

Wannan ce marar tawakkali? Haba jama'a!

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwa ce. Ta ce: "Angon ƙarni, Gwaggo ta huce kuwa?" Na ce har yanzu da saura.

Rabi na ɗaki tana kuka tun safe. Ban hana ta ba. Ba don Allah ya kawo Sista ba, da Rabi tana ina ma balle ta yi kukan?

Allah Ya jiƙan Hajara, Ya yafe mata, Ya sanyaya kabarinta. Duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, har ku da ta yi wa faɗa.