Ɗanyen Murjanin da Na Kai wa Surukata

Shekarun baya can, kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ina saurayi ina yankan nama a unguwar Adjamé, a wani birni na bakin teku, na ga yarinyar da nake so a unguwar Treichville. Mahaifiyarta 'yar Damagaram ce, murjani take sayarwa, kuma gaisuwata ma da ƙyar take amsawa.

Abokina mai dako a bakin teku ya ce min masunta kan jawo ɗanyen murjani a komarsu su yar. "Kai mata kawai, in ya bushe ta feƙe."

Na cika ƙwarya, na zuba ruwan gishiri a kai, na shigo layinsu ina taƙama. Ƙarni ya riga ni sallama.

Uwar yarinyar ta leƙa ta toshe hanci. "Yaro, mene ne wannan?"

"Murjani ne, Inna. Ɗanye."

Ta yi dariya har da hawaye. "To, zauna. Murjanin da na sani dutse ne, wannan kuwa dubi yadda yake lanƙwasa."

Ta juye a daro ta fara warewa, irin yadda take ware duwatsun wuya. Jajaye masu rassa kamar mafici gefe guda, dogaye kamar bulala gefe guda. Wani mai kauri da laushi ya gagare ta, ta ce naman kaza ne na ruwa. Na zaro wuƙa na tsaga.

"Inna, wannan ba tsiro ba ne. Tsoka ce."

Muna cikin musu ruwan ya kwanta, sai wani reshe ya buɗe 'yan bakuna, kowanne da yatsu takwas siri-siri suna motsi. Ta yi salati ta matso da kujerarta. Har la'asar muna sunkuye a kan daro, 'yarta na leƙenmu ta taga.

Da zan tafi ta ce, "Ranar Juma'a ka kawo wasu, ina so in ga ko akwai masu ruwan ɗorawa."

Akwai su kuwa. Iri shida muka ware, kowanne ta raɗa masa suna, kafin ta ce in turo magabatana.

Ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa feƙewa ba. Amma har ta rasu, in baƙi sun tambayi aikina, cewa take, "Mahauci ne, sai dai mun yi karatun teku tare." Ban taɓa samun shaidar da ta kai wannan daɗi ba.