Zabirar Mai Lofe

Jama'a, ni ba ɗan boko ba ne, aji uku na yi a elementare aka cire ni aka damƙa mini basilla, saboda haka mai neman Hausa mai ado ya yi gaba. Amma abin da zan faɗa muku, na rantse da wanda raina ke hannunsa, a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba.

A Kaduna ne, 'yan shekaru kafin Turawa su naɗe tabarmarsu. Ina da rumfar dukanci a Unguwar Shanu, jikin ta Kawu Ila, ƙanen mahaifiyata, wanda ya koya mini sana'ar. Kube, gafaka, rufin laya, duk muna yi, amma abin da ya fitar da sunana shi ne zabirar Turawa. Akwai wani jinsi a cikinsu, 'yan Sikotlan, da kan yi wani biki nasu in kaka ta ƙare, ka ga ƙato da gemunsa ya ɗaura siket mai gida-gida iya gwiwa, ana busa musu wata algaita mai salka suna tsalle. To siket ba shi da aljihu, sai su rataya jaka a gaba da sarƙa, daidai ƙasan cibiya, mai bakin azurfa da tuntaye. Su siforan suke ce mata, mu zabira. Shekara guda tana kwance a akwati, damina ta sa mata fumfuna, rani ya tsattsage ta, kyankyaso ya ci rabonsa, sai biki ya matso a tuna da ni. In kwance bakin azurfar, in shayar da fatar mai in za ta sha, in ta ƙi in yanka sabuwa a kan zanen tsohuwar, in yi mata shafi a ciki da jar fatar akuya, in mayar da tuntaye. Ban ga wanda ya kai ni a wannan aiki ba, kuma ban ga abin da ya tsinana mini ba.

Cikin masu kawo mini aiki akwai wani tsohon injiniyan ruwa da muke kira Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Shi ya tsaya aka kawo mana famfo unguwa, har tsofaffi kan sa masa albarka. Ba mata, ba ɗa, daga shi sai kukunsa Baba Tanko, sai wani tari da ba ya barinsa. Sauran Turawa boyi suke aikowa, shi kuwa da ƙafarsa ya zo, ya zauna a bencina, ya ce da Hausarsa ta littafi wannan zabira ta ubansa ce, bikin bana shi ne na ƙarshensa, daga nan sai gida. Ya ce in gyara fuskar da tuntaye. Ko kalma ɗaya bai ce a kan ciki ba, Allah shaida ne.

Da na kwance ta sai na ga shafin ciki ya ruɓe, taɓawa kaɗan yana marmashewa. Na ce mutumin da ya ba mu ruwa ba zan mayar masa da ruɓa ba, bari in sake shi kyauta. Ina farke kusurwar ƙasa sai na ci karo da wani ɗinki karkatacce, wanda ko makaho ya shafa ya san ba na baduku ba ne, a ƙarƙashinsa kuma, tsakanin fata da fata, ga ɗan kitson gashin mutum, tsawon yatsa, ja-ja kamar gemun masara, an ɗaure bakinsa biyu da shuɗin zare.

Mu a sana'armu, in an kawo laya a sake mata rufi, ba ma buɗewa, ba ma tambaya. Kawu ne ya koya mini haka da rankwashi. Amma gashi daban ne. Gashin mutum, a ƙulle, a ɓoye cikin abin da namiji ke ratayawa ƙasan cibiya, ku faɗa mini wane Bahaushe ne zai gani ya ce ba sammu ba ne? Kawu ya duba daga nesa, ko taɓawa bai yi ba, ya yi a'uziyya, ya ce ai ga dalilin da bawan Allah ya tsufa gwauro yana tari, wata ce ta ɗaure shi tun a ƙasarsu bai sani ba. Ya ce in kai gashin ruwa mai gudu, in jefa da hagu, kada in waiwaya. Bayan azahar na gangara kogin Kaduna na yi yadda ya ce, na dawo ina jin kaina kamar wanda ya tsamo yaro daga rijiya.

Ranar karɓa Mai Lofe ya zo, ya jujjuya zabira, ya yaba ɗinki, ya ce ko a garinsu sai haka. Sai ya buɗe, ya zura babban yatsa can kusurwar ƙasa, irin zurawar wanda ya saba, ya danna, ya sake dannawa. Ya ɗago ya tambaye ni ko na ga wani abu a nan. Ni kuwa, wawa, har da murmushi, na ce ranka ya daɗe ka gode wa Allah, asirin da aka yi maka mun karya shi, yanzu haka ya yi nisa a kogi.

Ya cire lofen daga bakinsa, wallahi ranar na fara ganin bakin nan ba lofe. Ya ce, "Ba asiri ba ne, baduku. 'Yata ce."

Da ya zage ni, ko ya kira mini 'yan doka, da na samu sauƙi. Ajiye zabirar ya yi a kan benci a hankali, ya ce sai an jima, ya tafi yana bin gefen hanya. Da yamma Baba Tanko ya zo ya wanke ni tas, a bakinsa na ji sauran. Yarinyar ba ta wuce shekara bakwai ba, ta rasu a can ƙasarsu, shi Mai Lofe yana nan bakin aiki, kafin jirgin ruwa ya kai shi an daɗe da rufe ta. Uwar ce ta yanki kitson ta ɗinke masa da hannunta, ita ma ba ta daɗe ba ta bi 'yar. Su haka suke yi, in ji shi, abin tunawa ne. Na juya wajen Kawu, sai cewa ya yi shi shawara ya bayar, hannun da ya jefa ai nawa ne. Kun ji manya.

Na bi bakin kogi ina tona ciyawa da yashi har masunta suka fara yi mini dariya. Na kai zabirar gidansa, ya aiko Baba Tanko ya ce in riƙe, ba shi da abin da zai sa a ciki. Bai je bikin ba, bai kuma jira lokacin tafiyarsa ba, ya hau jirgin ƙasa ya tafi. Na rataye ta a ƙusa cikin rumfa.

Bayan tafiyarsa da kamar mako, rana tsaka, zafi ya kori kowa inuwa, Kawu na gyangyaɗi, ina ɗinkin kube, sai na ji an tare mini haske. Na ɗaga kai. Yarinyar Turawa ce tsaye a bakin rumfa, ba hula, alhali 'ya'yansu ba sa taka rana ba hula, ga wata rigar ulu mai kauri har wuya a wannan zafi. Gashinta gemun masara, a bayan kunnen hagu an datse wani wuri guntu. Ba ni take kallo ba, zabirar take kallo, sannan ta dubi hanya sama, ta dubi ƙasa, irin dube-duben yaron da aka manta a kasuwa. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ya tafi, yarinya," ba. Sai ta dube ni. Ba fushi a idon, da ma fushi ne. Basilla ta suɓuce mini, na sunkuya na ɗauka, na ɗago ba kowa. Na tashi Kawu, ya ce rana ce ta buge ni, in sha ruwa.

Na sauko da zabirar na buɗe. A kusurwar nan, kan sabon shafin da na ɗinka da hannuna, ga silin gashi guda, ja, dogo, kuma a jiƙe yake sharkaf.

Ban sake ganinta ba, ba zan yi muku ƙari ba. Amma gashin bai daina zuwa ba. Duk ƙarshen kaka sai na samu, wani lokaci ɗaya, wani lokaci fiye, kullum a jiƙe. Na tashi daga Unguwar Shanu na koma Hayin Banki, bai hana ba. Malamai nawa na je wa, kowa ya ce ba ni da zunubi, niyya ake dubawa. To, su suke barci. Na nemi inda Mai Lofe yake, Baba Tanko ya rasu, akawunan ofishinsa da na tambaya kuwa kallon mahaukaci suka yi mini. Tarawa nake yi, na ɗaure da shuɗin zare, yanzu ya kusa kaurin yadda na same shi. Yarinyar tana ta kwasowa daga kogi tana kawowa inda ta san ubanta na sa yatsa, ni kuma ba ni da wanda zan miƙa wa.

Ku masu gyaran kayan mutane, baduku ne kai ko tela, in ka farke ka ga abin da ba kai ka sa ba, ajiye wuƙa ka taka ka tambayi mai shi, ko da kuwa ka rantse ka san mene ne. Ni ma na rantse a lokacin. 'Ya'yana sun riga sun ce ranar da na mutu kogi za su kai zabirar nan. Na roƙe su, na yi musu faɗa, sun ce to, amma na san irin to ɗin.