Farfesar da Ta Janye Takardarta

A tashar jirgin ƙasa, tsohon malamin lissafi yana zaune a kan benci, yana satar kallon matar da ke gefensa. Furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta, gilashinta ya zamo kan hanci, kwamfuta na kan cinyarta, takalminta kuwa ya sha tafiya. A katin da ke wuyanta ya hango "Farfesa" da "ƙirƙirarriyar basira". Yana ƙiyasta shekarun da ta kwashe tana koya wa na'ura tunani, yana raya yadda abincinta ke hucewa a kan tebur a gida.

Wayarta ta yi ƙara. Ɗalibinta ne, murnarsa har tsohon yana jiyowa: na'urarsu ta ci casa'in da tara cikin ɗari a gwaji, kuma gobe za a rufe karɓar takardun babban taro.

Ko murmushi ba ta yi ba. Tana bin allon da yatsa, layi bayan layi, sai ta tsaya cak.

"Tambayoyin gwajin sun shiga cikin abin da muka koyar da ita," ta ce a hankali. "Janye takardar. Na sani, aikin shekara biyu ne. Janye."

Tsohon ya kasa haƙuri. "'Yata, ashe na'ura ma tana satar amsa?"

"Ba ta sata ba, Baba. Mu muka bar mata takardar a buɗe."

Shekara talatin ya yi yana koyarwa, bai taɓa jin malami ya amsa wannan laifin da bakinsa ba. Ya gyara zama, ya sauke jakarsa ƙasa don ta ƙara samun wuri.