Jirgin da Anka Cire wa Benci

Ɗan ƙanwata ne ya iske ni Wurno da hantsi, lokacin an gama cire albasa, ya ce in raka shi Goronyo ya ga wani jirgi. Ƙanwar tawa masunci ta aura, a wani ƙauye na ƙetaren ruwa. Da mijin ya rasu ya bar wa ɗansa kwale-kwalen katako da kayan kamun kifi, kalli da mamari, kwale-kwalen kuwa ya tsufa har tsumma da kwalta sun kusa fin katako yawa a gindinsa. Mu gidanmu ba mu gaji ruwa ba, shanu munka gada. Amma na yi shekaru ina fataucin bandar kifi, daga Baga zuwa Yawuri har Mopti da Kwatano, don haka dangi suna ɗauka duk abin da ke yawo bisa ruwa na san shi.

"Kawu, jirgin dalma na," in ji shi. "Ba ya ruɓa, ba ya shan ruwa, gara ba ta ci."

Na alminiyam yake nufi. Mutanenmu dalma suke ce masa, don a wurinsu da shi da tukunyar tuwo duk abu guda ne. A cikin mota ya gaya mini sauran maganar. Tun da hanyar bayan garinsu ta lalace da ɓarayin daji, mutane sun koma bin ruwa. Ran kasuwa ba ya su, fito yake yi: manoma da buhunansu, mata da goyo, tsofaffi masu zuwa asibiti. Ashe jirgin su za mu saya a baki, jirgin fito a aikace.

Munka iske shi jingine ƙarƙashin dogon yaro, kusa da bakin dam, yana ƙyalli. Dillalin wani Bagobiri ne mai fara'a, ya ce a gwanjo ya samo shi, na wasu ma'aikata ne da sunka gama aikinsu sunka tafi. Mutane sun taru, kowa na gwada shi irin yadda ake gwada tukunya a kasuwa. Wani ya ƙwanƙwasa gefe da zobe ya kasa kunne. Wani ya danna da babban yatsa ya ga ko zai loɓa. Wasu biyu sunka ɗaga shi sunka jinjina, sunka ce kauri ya kai. Wani tsoho ya ce ko ya mutu ba a yi hasara ba, maƙeran tukwane za su saye shi a kan sikeli.

Dillali ya sa anka kwantar da shi anka ɗura masa ruwa da bokiti har kusan baki. Munka tsuguna muna leƙen ƙasansa. Ko ɗigo babu. Na bi walda da hannu daga gaba zuwa baya, aiki ne mai kyau, ban ga faci ba, ban ga farin garin nan da ke fitowa inda ƙarfen ya fara cinyewa ba. Gaskiya ban taɓa ganin jirgi mai lafiyar jiki irinsa a wajenmu ba.

Da anka tuntsurar da ruwan sai na ga cikinsa fili ne fetal, kamar kwanon awo. A jikin ƙarafan da ke bangon ciki akwai ramukan ƙusa jere, da tabon zarto wuri uku.

Na ce, "Ina bencinansa?"

"Na hidda su, Alhaji. Akwatuna na rufaffi, sun cinye wuri. Munka farke, sai wani farin soso na banza ciki, irin na kwalin firji. Yanzu dubi, buhun albasa nawa za ya ɗauka? Ladar gyaran ma ban sa cikin kuɗɗi ba."

A Baga na taɓa ganin jirgin katako ya kife da mutane. Ya sha ruwa ya juya, amma bai tafi ƙasa ba, don itace ne. Mutane sunka rataya a jikinsa suna salati har anka zo anka kwashe su. A Kwatano kuma wani mai jirgin ƙarfe ya nuna mini bencinsa, ya buga shi da tafin hannu, ya ce mini da Faransanci ran jirgin a nan yake. Sosan da ke ciki shi ke riƙe jirgin bisa ruwa in ya cika. In babu shi, ƙarfe ƙarfe ne. Duk wanda kwano ya taɓa kuɓuce wa a rijiya ya san yadda yake tafiya.

Na ce wa dillali, "Mun ga ba ya yoyo. Saura mu kai shi cikin ruwa mu cika shi, mu ga ko zai tsaya."

Ya yi dariya har da tafawa. "Ku ji mini Bafillace! Kai mi ka sani ga ruwa in ba shayar da shanu ba? In cika shi cikin dam, wa za ya hiddo min shi?"

"To, ai ka ba ni amsa ke nan."

Mutane sunka yi dariya, sun ɗauka wasan Bagobiri da Bafillace muke ci gaba da yi. Na ja ɗan ƙanwata gefe na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara kansa a ƙasa, don yana da ladabi.

"Kawu, na ji. Amma na katako ma ai yana kihewa."

"Yana kifewa, ya bar muku abin kamawa. Wannan in ya tafi, da shi da mutane tare za su."

"Sabon na katako sai Yawuri, kuma ya hi wanga tsada. Na wajena ba ya kai ƙarshen damina. In ban yi fito ba, ta hanya za su bi, kai ka san abin da ke kan hanya. In ce musu mi?"

Sosan kuwa an riga an ƙone shi da shara, akwatunan an sayar wa maƙera. Ɗan ƙanwata ya sayi jirgin. Abin da na iya shi ne na sa ya nemo jarkoki marasa komai masu murfin kirki, munka jera su gefe da gefe a cikin jirgin, munka ɗaure da igiyar roba ta ramukan ƙusar nan. Ban tabbata za su ɗauke shi ba in ya cika da kaya, amma ko ba komai mutum ya sami abin runguma. Na sa ya yi mini alkawari ba zai kwance ba.

Ban koma ba sai tsakiyar damina, da ƙanwar tawa ta zo asibiti ta kwana biyu a gidana, na rako ta mafitar jirgi a Goronyo ran kasuwa. Ruwa ya cika ya yi ja, yana tafe da ciyawa da rassan itace. Na hango jirgin tun daga nesa, ya nutsa har tsakanin bakinsa da ruwa bai fi tafin hannu ba. Da ya iso anka sauke kaya, na leƙa. Jarka guda ta rage, can gaba, ita ma an yanke mata kai ana kwasar ruwa da ita.

Ya ga inda nake kallo. "Kawu, mutane sunka ce ba wurin aje ƙahwa. Wasu kuma aro anka yi a zuba mai, ba a maido ba. Amma wallahi tun da na saye shi ko sau guda bai ba ni tsoro ba. Kamar tsuntsu."

Na san gaskiya yake faɗi, abin da ya fi damuna ke nan. Na katako yakan yi ƙara, yakan jiƙa wa mutum ƙafa, ya tuna masa inda yake. Wannan shiru yake tafiya.

An fara lodi. Buhuna, babur guda, akuyoyi a ɗaure, sa'an nan mata. Na matsa kusa da ƙanwata na yi mata magana da Fillanci, don kada kowa ya ji. Na ce ta dawo mu koma Wurno, ta zauna wurina har ruwa ya janye.

Ta dube ni, ta amsa da Hausa, a hankali. "Yaya, jirgin ɗana na. In ni uwatai na ƙi shiga gaban mutane, wa za ya shiga?"

Ta tattare zanenta, ta miƙa wa ɗanta hannu, ya zaunar da ita bisa wani buhu a tsakiya. Na tsaya a bakin ruwa har sunka yi nisa na daina rarrabe ta da sauran mata. Ranar sun isa lafiya. Har yau ran kasuwar Goronyo ba na iya cin abincin rana sai wani ya kira ya ce jirgi ya ƙetare.