Miyar Kabewa Ba Tuwo

Shekarar da aka rushe unguwarmu Karantina, a nan ƙasar Larabawa, Inna ta daina iya haɗiyar tuwo. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same ta, wata biyu bayan mun tare a wani ɗan ɗaki kusa da unguwar Balad. Likita ya ce duk abin da ba mai ruwa-ruwa ba zai iya shaƙe ta. Kunu ta ƙi, madara ta ƙi. Kwana huɗu ba abin da ya shiga cikinta sai ruwan shayi.

Ni kuwa a lokacin ba na jin komai, wallahi. Ba tsoro, ba kuka. In tashi, in hau mota zuwa unguwar Abhur inda nake yi wa wasu Larabawa girki, in dawo, in juya ta, in goge mata jiki. Kamar wata ce ke aiki da hannuwana.

Uwar ɗakina ta taɓa zama a Faransa, ita ta koya min shurbar kabewa, wato miyar sha irin ta can. Ranar Juma'a ina hutu, na ce bari in gwada. Na soya albasa a man shanu har ta yi laushi, ban bari ta yi ja ba. Na zuba yankakkiyar kabewa da dankalin turawa guda, na ƙara romon kaza, na rufe. Da suka dahu na markaɗa su luƙwi a blanda, na sa ƙishɗa cokali biyu, kirim ɗin madarar nan, da ɗan gishiri. Halas. Ba daddawa, ba gyaɗa, ba yakuwa, ko ƙwayar attaruhu babu. Ni kaina ranar da aka fara nuna min, cewa na yi wannan ai abincin jarirai ne.

Na jingina Inna da filo, na ajiye mata tire a cinya, na ɗebo a cokali. Ta shinshina, ta kawar da kai.

"Taushe ne?" in ji ta. Da ƙyar maganar ke fita, ta gefen baki.

"Kusan haka ne, Inna. Yalla, buɗe baki."

"Ina tuwon?"

"Babu tuwo. Haka ake shan ta."

Ta yi min kallon da take min tun ina ƙarama idan na yi shirme. "Ke, wa ya taɓa shan miya zalla? Zan jira."

Ta kuwa jira. Na ce likita ya hana, na ce tuwon zai kashe ta. Da bakin nan nawa na faɗa, muryata ko rawa ba ta yi ba. Aka kira la'asar, miya ta huce. Na ɗumama, na mayar mata, na zauna ina kallon bango.

Can sai ta ce in kawo ruwan wanke hannu. Na wanke mata na dama, shi ne mai motsi. Ta yi bisimilla. Ta kai yatsunta gefen tiren, inda malmala ke zama, ta gutsuri abin da babu, ta mulmula, ta tsoma a miyar, ta kai baki ta tsotse. Ta sake.

Na ajiye cokalin. Wata miyar na ɗiga a zaninta, wata na wucewa maƙogwaro, ko tari ba ta yi ba. Haka ta yi ta yi har kwanon ya kai rabi. A nan ma ban yi kuka ba.

"Tuwon nan ya yi ruwa," in ji ta. "Gobe ki ƙara gari."

Na ce, "To, Inna."