Baƙon Maraɗi a Gidan Abokin Gaba

Labarai da yawa sun ratsa ta bakina a gaban makirfo, kuma yawancinsu kafin in cire na'urar saurare daga kunne sun riga sun bar ni. Amma akwai wani yini da na yi a birnin Guangzhou, a daminar shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik, wanda na san zan tafi da shi kabari.

A lokacin ina aikin rediyo a arewacin ƙasar, na sauko kudu don in naɗo muryoyin 'yan kasuwarmu. Na sauka a unguwar Xiaobei, wurin wani ɗan Katsina, Bafillace, wanda yake aikin tura wa mutane kaya gida. Yana da ɗan ofis cike da kwalaye, yana da takardar zama mai kyau, matarsa da 'ya'yansa suna tare da shi. A wannan daminar takardar zama ta fi komai daraja, domin an tsaurara sabunta biza saboda wasannin, mutane da yawa sun maƙale a ɗakuna suna leƙen titi ta taga.

A gidansa na tarar da wani dattijo ɗan Maraɗi, mai sayen yadi. Ya tsaya jiran kayansa daga masaƙa har bizarsa ta ƙare, ya kai kansa wurin hukuma, aka riƙe fasfonsa, aka sa masa ranar da zai dawo a yanke masa hukunci. Kafin nan, ko dai a tsare shi, ko a samu mai takardar zama ya tsaya masa, ya ajiye shi a gidansa, da sharaɗin ba zai bar birnin ba. Kowa ya san ma'anar wannan: idan dattijon ya ɓace, takardar mai tsayawar ce za ta tafi, da ofishin, da zaman iyalinsa. 'Yan uwansa na Nijar duk bizar kasuwanci gare su, ba su isa ba. Ɗan Katsinan ne ya tsaya, alhali kafin nan ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su.

Zamansu abin kallo ne. Dattijon ba ya kiransa da komai sai ɗan Fillo, shi kuma ya ce masa Baba Kaɗo. Da farko na ɗauka wasan da aka saba ne, amma kunnen da ya daɗe yana tace murya yakan gane inda dariya ta tsaya. Idan aka kawo abinci, dattijon yakan ce a zuba masa nasa daban, wai a gidansu ba a haɗa kwano da waɗanda suka kori kakanninsa daga Katsina. Mai gidan yakan yi murmushi ya ce ai kakannin Baba ne suka fi gudu, shi ya sa suka riga kowa isa Maraɗi. Sai a yi dariya, amma kwano biyu ake kawowa kullum.

Ana gobe ranar komawar dattijon wurin hukuma, na shirya zuwa wani tsibiri a gabashin birnin, kusa da Huangpu, inda jiragen Turawa suke tsayawa a zamanin da. Akwai tsohuwar maƙabartar baƙi a can, ina so in gan ta saboda wani shirin tarihi da nake rubutawa kan yaƙin neman 'yancin Amurka. Dattijon ya ji ina faɗa, ya ce shi ma zai bi ni, ya gaji da kallon bango, kuma tsibirin ai cikin birni yake. Mai gidan ya dube shi yana murza gam ɗin liƙe kwali a hannunsa.

"Baba, za ka dawo?"

"Kai dai ba ni takalmina, ɗan Fillo."

Ya ɗauko masa takalmin da kansa, ya ajiye a gabansa.

Tafiyar har yau tana zuwa mini kamar abin da na gani cikin zazzaɓi. Mun shiga jirgin fito da hantsi. Kogin ya yi faɗi, ruwansa ruwan ƙasa, wani farin tururi ya kwanta a kansa har ba ka iya raba ruwa da sama. Manyan jiragen kaya suna fitowa daga cikin tururin ba ƙara, su wuce, su narke. Dattijon ya tsaya a bakin ƙarfe, iska tana cika masa babbar riga har muka sauka.

Maƙabartar tana kan wani ɗan tudu, a ƙarƙashin itatuwa masu saukar da jijiyoyi kamar ceɗiya. Kukan gyare ya cika wurin, irin kukan da idan ya daɗe sai ka daina jin sa, ka ɗauka shirun ne yake da murya. Na bi duwatsun ina karanta abin da gansakuka ta bari. Ga Baturen Ingila, ga Ba'amurke, kafaɗa da kafaɗa. Na gaya wa dattijon cewa mutanen waɗannan ƙasashe biyu ba su daɗe da gama yaƙi da juna ba lokacin da suka fara haɗuwa a wannan kogi, kuma an ce mutanen China da farko sun kasa bambanta su, tunda harshe ɗaya suke yi. Ya yi dariya ya ce to ai mu ma nan duk baƙaƙe ne kawai.

Muka zauna a inuwa, ya tambaye ni yadda aka yi da waɗanda aka kama a yaƙin. Na gaya masa abin da na karanta. Da yawa an cusa su a tsofaffin jirage da kurkuku, cuta ta cinye su. Amma akwai waɗanda aka raba wa garuruwa, aka sauke su a gidajen talakawa, aka ce su ba da kalmarsu cewa ba za su ƙetare iyakar da aka shata musu ba. Ba sarƙa, ba mai gadi. Matar da ɗanta yake can yana yaƙar su ita ce take dafa musu abinci. Wasu sun yi wa manoma aiki, wasu bayan yaƙi sun ƙi komawa gida, sun yi aure a nan. Wasu kuma sun ba da kalmar, sun jira aka saki jiki, suka gudu.

"Idan sunka gudu, wa ake kamawa?" ya tambaya.

Na ce littattafan sun fi ba da labarin masu gudun, ba su cika waiwayar masu gidan ba.

Ya ce to shi ya san labarin masu gidan. Ya fara ba ni shi da murya ƙasa-ƙasa, idonsa a kan kogin. A zamanin da ake kai hari tsakanin Maraɗi da Katsina duk rani, an kamo wani saurayi Bafillace, aka ba gidan kakanninsa ajiyarsa. Da igiya a ƙafa aka kawo shi. Uwar gidan, kakar kakar dattijon, ta ga igiyar ta ci masa idon sawu har ƙuda na bi, ta kwance shi, ta sa shi ya rantse ba zai gudu ba. Ya warke. Ya ci tuwo a akushi ɗaya da 'ya'yanta. Ya yi wa saniyarta magani, ita kuma ta ɗinka masa riga. Har aka riƙa ba shi awaki yana kai su kiwo, kudu da gari, ta wajen hanyar garinsu, yana dawowa kafin faɗuwar rana. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Wata yamma sai awakin suka dawo su kaɗai. Aka ƙwace gonar mijin matar, aka kore su zuwa wani ƙauye a bakin daji, ita kuwa matar har ta mutu ana nuna ta da baki. Ya ce da wannan labari aka yaye shi, da shi ya yaye 'ya'yansa.

Sai ya juyo ya dube ni, yana ɗan murmushi.

"Yau ga ni, ni ne a ɗaure, igiyar kuma tana hannun ɗan Fillo. Ka ga aikin Allah, Malam?"

Ya ƙara da cewa wani a unguwar Sanyuanli ya gaya masa akwai motar da take tashi daga tashar da ke kusa da jirgin ƙasa zuwa can iyaka, kuma akwai masu tsallakar da mutum ba tare da tambayar takarda ba. Ya ce shi tsoho ne, ƙirjinsa ba shi da lafiya, idan gobe aka ce sai an tsare shi kafin a sallame shi, bai san ko zai fito da ƙafarsa ba. Ya faɗi wannan a hankali, kamar mai ba da labarin wani. Na ce masa hanyar nan tana da haɗari, kuma akwai iyalin da ke kan wuyansa. Ya gyaɗa kai, ya ce lokacin azahar ya yi.

Muka yi salla a gindin itacen. Na jingina da saiwa don in rubuta abin da zan faɗa a shirin. Zafin ya yi nauyi, gyare bai fasa ba, haruffan suka fara iyo a gabana. Na ga sojoji masu jajayen riguna suna kora awaki a kan ruwan kogin, ƙafarsu ba ta nutsewa. Na ga wata tsohuwa da zane ɗaure a ƙirji tana tsaye a ƙofar gidan katako irin na Turawa, ta kare idonta da hannu tana ƙirga masu dawowa. Da na farka inuwar ta matsa daga kaina, dattijon kuma ba ya nan.

Na zagaya tudun, na sauka bakin ruwa. Wata mata mai sayar da 'ya'yan itace ta fahimci wanda nake nema tun kafin in gama kwatance. Ta ce "meyo", wato babu, ta nuna mini jirgin fito da ya riga ya zama ɗigo cikin tururi.

Na isa Xiaobei da la'asar. Mai gidan yana tsugune yana rubuta lamba a jikin kwali. Na gaya masa abin da ya faru yadda ya faru, har da maganar motar. Bai ɗaga murya ba. Ya rufe alƙalamin, ya daɗe yana kallon 'yarsa ƙarama da take wasa a bakin ƙofa. Wani maƙwabcinsa ya ce a hanzarta a sanar da hukuma yanzu, wataƙila hakan ya rage masa laifi. Mai gidan ya ce a'a, ranar da aka sa gobe ce, ba yau ba, kuma shi ba zai sa a tare tsoho a hanya ba. Da matarsa ta kawo abinci, ta tsaya da kwano na biyun a hannu ba ta san inda za ta ajiye ba. Ya ce ta rufe ta ajiye a inda aka saba.

Washegari da safe ya saka rigarsa mafi kyau, ya ɗauki takardar zamansa, na raka shi. A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya riƙa maimaita jimlar Sinancin da zai faɗa, cewa mutumin da ya tsaya wa ya tafi. Ya tambaye ni ko ya faɗe ta daidai, na ce daidai ne.

Muna shan kwana muka hango dattijon. Yana zaune a kan matakalar ofishin, tun ba a buɗe ba, babbar rigarsa ta yamutse, carbi a hannu. A tasha ya kwana. Mai gidan ya tsaya cak, ya dafa kafaɗata. Sannan ya ƙarasa ya durƙusa a gabansa.

"Baba Kaɗo, ka kusa kashe ni."

"Kada ka gode mini, ba don kai na dawo ba."

"To don wa?"

"Har na sa ƙafa cikin motar. Sai na tuna, in na tahi, jikokinka za su zauna a Katsina suna ba da labarin Bamaraɗen da kakansu ya kwance, ya gudu. Labarin nan namu ne, ɗan Fillo. Shi kaɗai kunka bar muna. Ba ni ne zan miƙa muku shi ba."

Mai gidan ya yi dariya har hawaye suka zubo masa, ko kuma hawayen ne suka riga dariyar, ban tantance ba. Aka buɗe ƙofa, ya kama hannun dattijon ya tashe shi, suka shiga tare. Ba a tsare shi ba, aka ba shi 'yan kwanaki ya bar ƙasar. Ya yi su a gidan, kuma ya bar Guangzhou yana kiran mai masaukinsa ɗan Fillo kamar ranar farko.

Shekaru sun wuce, kuma abin da na ɗauka daga wannan yini bai canza ba. Da can na ɗauka ƙauna ce kaɗai take sa mutum ya riƙe amana. Ashe mutum yana iya cika alkawari ga wanda bai yafe wa ba, domin ya san zafin abin da aka yi wa gidansu, kuma ba ya so a samu sunansa a ɗaya ɓangaren labarin. Na kuma koyi cewa duk inda aka ce an saki fursuna a kan kalmarsa, a yaƙin Turawa ne ko a namu, akwai wani mai gida da ya kwance igiyar daga ƙafar abokin gabansa ya rataya ta a wuyansa. Tun daga ranar, idan na karanta irin wannan labari, shi nake fara nema.